Taswira ta yage, littafi ɗaya ne: da me zan koyar da labarin ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malama ce a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, shekarata biyu da fara aiki. An ba ni darasin labarin ƙasa na aji biyar, kuma wannan zangon ɓangaren da ya shafi mutane ne: yawan jama'a, ƙaura, matsugunai, masana'antu da sufuri. Ɗalibaina sun haura 70, littafi ɗaya ne a hannuna, taswirar bango ta yage. Ina rubutu a allo suna kwafa, in na yi tambaya sai aji ya yi tsit. Wane kayan koyarwa zan nema, kuma wane batu zan jefa musu su buɗe baki?
Daga wata malama a Tudun Wada

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya yi wa aikinki albarka. Na san wannan shirun, domin na daɗe ina fama da shi kafin in gane cewa yaran ba su ga kansu a cikin darasin ba ne. Ki yi ta roƙon a sayo miki taswira, haƙƙinki ne. Amma kafin ta zo, garin da kike zaune shi ne littafinki, kuma da wuya a sami gari a Arewa da ya fi Kaduna daɗin koyar da wannan fanni.

Ki fara da ƙaura. Ranar Juma'a ki ba su aiki ɗaya: kowa ya tambayi babba a gida inda aka haifi kakansa, abin da ya kawo gidansu Kaduna, da shekarar zuwan. Ki sami babban kwali ki zana Nijeriya da hannu, ko ba ta yi kyau ba. Ranar Litinin kowane yaro ya fito ya ɗiga asalinsu da biro. Shekarar da na fara gwada wannan, ɗige-ɗigen suka watsu daga Katsina, Sakkwato da Bidda har Borno, Ilori da ƙasar Ibo, wasu suka tsallaka Maraɗi da Damagaram. Wata yarinya Bagwariya ta tsaya da biro a hannu ta ce, "Malam, mu fa a nan aka same mu." Ta yi gaskiya, kuma maganarta ta ci mana sauran darasin wannan rana.

Daga nan sai ki raba allo biyu, gefe guda abin da ya kori mutum daga gida, gefe guda abin da ya jawo shi. Su za su cika miki: fari, rasuwar uba, aikin soja, aikin reluwe, masaƙa, almajirci, cin rani da ya zama zama, aure, a 'yan shekarun nan kuma gudun 'yan bindiga daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa. Sai sun gama faɗa da bakinsu sannan ki ba su sunan abin da Turanci, saboda jarrabawa. In kika fara da Turancin, hadda kawai za su yi.

Matsugunai kuwa, sunayen unguwanni sun ishe ki mako guda. Me ya sa ake cewa Unguwar Kanawa, Tudun Nupawa, Unguwar Shanu, Kabala Costain? Kowane rukuni ya ɗauki unguwa ɗaya ya je wajen tsofaffi. Ke kuma ki riƙe kan zaren: Kaduna ba tsohon birni mai ganuwa ba ne irin Zariya ko Kano. Turawa ne suka zaɓi wurin saboda ruwan kogi da layin dogo, suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Ki sa su kwatanta lungunan birnin Zazzau da miƙaƙƙun layukan tsakiyar Kaduna, su gaya miki wanne ne ya girma da kansa, wanne aka shata.

Inda na fi so ki daɗe shi ne Kakuri, unguwar masana'antu da ke kudancin kogi. Tambayar da ke fitowa a jarrabawa kusan kullum ita ce abin da ke sa a kafa masana'anta a wani wuri, yara kuma su jero amsa kamar karatun allo. To ga amsar a bayan gada. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, wasu masaƙun suka biyo bayanta, irin su United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles. Auduga na zuwa daga Funtuwa, Gusau da ƙasar Zazzau, jirgin ƙasa na ɗauko ta, kogi na ba da ruwan rini da wanki, gwamnatin Jihar Arewa na nan kusa, masu sayen atamfa da akoko kuwa ba iyaka. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai a 1980. Sannan ki juya tambayar: kogin yana nan, mutanen suna nan, me ya sa KTL ta rufe a 2002? A nan ne za ki ji muryar yaron da bai taɓa magana ba. Za su kawo wutar lantarki, yadin waje mai araha, fasa-ƙwauri, tsufan injina. Ki gayyato tsohon ma'aikacin masaƙa ya zauna da su minti talatin, akwai su da yawa a gari. Wanda na taɓa kawowa ya zo da katin aikinsa a aljihu, ya ba su labarin yadda kekuna ke cika titi lokacin canjin aiki, da yadda masu abinci da masu gidajen haya suka durƙushe tare da su. Har yau tsofaffin ɗalibaina suna tuna mini da shi.

Alƙaluma kaɗan sun isa. Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, ta ba Nijeriya mutum miliyan 140 da 'yan kai, Jihar Kaduna miliyan 6.1 a ƙananan hukumomi 23. Ki sa kowa ya kawo shekarun mutanen gidansu, maza da mata, ba tare da suna ba, ku tara a allo ku zana dalar shekaru, wato zanen yawan mutane rukuni-rukuni, yara a ƙasa, tsofaffi a sama. Za su ga gindinta ya yi faɗi da idonsu, sai ki tambaye su ajujuwa nawa garin zai buƙata nan da shekara goma.

Sufuri ba ya son dogon bayani. Yara huɗu, takarda da biro, minti goma sha biyar a bakin ƙofar makaranta suna ƙirga Keke Napep, bas, babur da tirela, safe da rana. Ki kuma tambayi 'yan Rigasa yadda kuɗin fili da haya suka canza tun da jirgin ƙasa na Abuja ya fara tashi daga tasharsu a 2016. Wayarki ma kayan aiki ce: ki buɗe Google Earth ki zagaya da ita layi-layi, su ga yadda gidaje suka matse bakin kogi.

Akwai batu ɗaya da za su tayar ko ba ki so: me ya sa bayan rikicin 2000 da na 2002 Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kiristoci a kudu? Kada ki tsallake shi, domin darasin matsugunai ne tsantsa, kuma a cikin ajinki akwai waɗanda gidansu ya tashi saboda shi. Amma ki bar shi sai ƙarshen zango, lokacin da kika san yaranki. Ki kafa sharaɗi tun farko cewa ba a zo neman mai laifi ba. Tambayoyin su tsaya kan abin da ƙaurar ta jawo: nisan zuwa aiki, kasuwannin da suka rabu, maƙwabtan da aka rasa, da wuraren da har yanzu ake haɗuwa, irin su Kasuwar Barci, Panteka da Kasuwar Sheikh Gumi. Ki sanar da shugaban makaranta kafin ranar.

In kuɗin mota ya samu, ki kai su Arewa House su ga gidan Sardauna da tsofaffin hotuna. In bai samu ba, ki fara da kwalin nan ranar Litinin, sannan ki rubuto mini garuruwan da suka fito.