Ga ƙanwarmu da SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa) ta hana barci

Salamu alaikum ƴan gida. Ƙanwata da kika ce kina tarminal D, anzim (sinadaran da ke hanzarta aiki a jiki, kamar narka abinci) da ADN (zaren gado na cikin ƙwayoyin halitta) sun ƙi zama a kanki ga jarrabawar bak ta matso, wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ni ma ta nan na biyo.

Har yau ban mance ranar da mushenmu ya fiddo ni gaban allo ba, ya ce in cika ɗaya zaren ADN, wato in haɗa haruffansa A, T, G, C bibbiyu, tsabar ruɗewa na haɗa A da G. Mutumin nan ya fizge allin daga hannuna, ya ce wa aji wai irina tallan ƙuli-ƙuli a kasuwar Dole ya fi dacewa da mu. Aka kwashe da dariya har da ƙawata da muke benci ɗaya, na koma gida a ƙasa cikin rana ina kuka, kwana uku ban taɓa kaye ba. Alhali A da T ne, G da C, abin da zai faɗa mani cikin lalama a minti guda! Na yafe masa amma abin bai bar raina ba.

Hadda na daina, na koma duba misalan gida, shi ya cece ni. Ki tauna burodi ki daɗe ba ki haɗiye ba, za ki ji zaƙi-zaƙi, amilaz, anzim ɗin miyau, ce ke daddatsa amidon (sitacin burodin) ya koma maltoz, wani irin sukari. Ta fi aiki wajen digiri 37, zafi in ya yi yawa surarta ta lalace shi ke nan. Ita kuwa pepsin, anzim ɗin tumbi, tsamin ciki take so, pH (ma'aunin tsami) wajen 2. Ki lura in Inna ta zuba garin tsiro a kunu mai kauri yadda yake tsinkewa, aikin amilaz ne.

ADN kuwa sai da ɗan yayata ya zo da sikila na fahimce shi, harafi ɗaya tak ya sauya, a sarƙar emoglobin, furotin ɗin jini, tubalin da ake kira valin ya zauna gurbin asid glutamik a wuri na 6, ga yaro yana kwana yana ihun ƙashi. In uba da uwa duk AS ne, wato masu ɗauke da gadon sikila, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Don Allah ƴan uwa a riƙa gwaji kafin a sa rana.

In an zo kan zaman halittu ki tuna gawo na hanyar Matamaye, da damina yake kaɗe ganye gero ya samu rana da taki, da rani dabbobi su ci ƴaƴansa su bar kashi a gindinsa.

Ki turo dabuwar ɗin da ya gagare ki yau da dare mu yi shi tare.