Tabarau marar firam da ka gada: na wane zamani ne, kuma za a iya sa shi?

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji wani tabarau marar firam, kana tambaya ko tsohon gaske ne, kuma ko zai sawu yanzu.

Irin wannan ya yaɗu a Turai da Amurka tun wajajen 1880. Na farko-farkon ba su da hannaye, maƙale su ake a karan hanci, irin wanda tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya riƙa sawa. Daga baya masu hannaye suka mamaye kasuwa. Ƙirarsu sassa uku ce kacal: ƙarfen kan hanci da hannaye biyu, duk an ɗaure su da 'yan ƙananan noti ta cikin hujin da aka yi a jikin gilashin.

Ɗauko shi ka duba inda hannun ya kama gilashin. In a tsakiyar gefe ne, galibi ya girmi 1930, shekarar da kamfanin American Optical ya fito da Ful-Vue, wanda ya ɗaga hannun sama don kada ya tare gani ta gefe. Sai ka leƙa ƙarƙashin ƙarfen hancin da madubin ƙara girma. In ka ga 1/10 12K GF, to rufin zinariya ne, kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙarfen.

Zai sawu, amma don Allah kada ka matse notin da kanka. Gilashi na asali daga bakin hujin nan yake tsagewa. Kai wa masu haɗa tabarau su yanka maka na roba daidai da idonka, tsohon gilashin kuma da shi za su ɗauki awo, in sun gama sai ka naɗe shi ka adana.