Likitan gidanmu ya rasu, mahaifiyarmu ta ƙi ganin wani

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Wata biyu ke nan da rasuwar likitan da ya fi shekara ashirin yana duba iyalinmu. Shi ya yi jinyar mahaifinmu har Allah ya karɓi ransa, kuma zumunci ya ƙullu har ya zama ɗan gida. Har yanzu ina kuka idan na tuna da shi, sai kuma kunya ta kama ni, tunda ba jini ya haɗa mu ba. Mahaifiyarmu, mai hawan jini da ciwon suga, ta ce ita da asibiti har abada. Me ya dace mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Babu abin kunya a hawayenki. Likitan iyali yana sanin abin da wani ɗan'uwa na jini bai sani ba, domin shi ake tasa cikin dare, shi ake faɗa wa larurar da ake ɓoye wa kowa, kuma yana nan ranar haihuwa da ranar rashi. Wata biyu kuma bai yi yawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin rarrabe cututtuka da ya fara aiki a 2022, ba ta ɗaukar baƙin cikin rashi a matsayin larura sai ya kai aƙalla wata shida da tsananinsa, yana hana mutum tafiyar da harkokinsa. Idan naki ya kai haka, ki nemi taimakon likita.

Bayan addu'a, wadda ita ce gaba da komai, ku riƙe iyalinsa. Masu ta'aziyya sun watse, alhali matarsa tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, kuma yanzu ne gidan ya fi buƙatar sallama. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan yanka akuya ko tunkiya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Ku je ku faɗa wa 'ya'yansa abin da ya yi muku dalla-dalla. Ina matsa wannan ne domin likita mai amana ba ya kai labarin marasa lafiya gida, saboda haka sau da yawa 'ya'yansa sun san daren da bai kwana a gida ba, amma ba su san rayuwar da aka ceta a daren ba. Sai dai ku tsaya kan labarinku, kada ku buɗe sirrin wasu.

Idan kuna son yi masa sadaka mai gudana, ku zaɓi wadda ta dace da aikinsa, kamar biyan kuɗin maganin marasa ƙarfi, ko ba da gudummawar jini, ko samar da ruwa a asibitin unguwa. Haka iyalan Dakta Ameyo Adadevoh suka yi. Ita ce ta hana mai cutar Ebola na farko a Najeriya fita daga asibiti a Legas, ta kamu, ta rasu a Agustan 2014, sai suka kafa gidauniyar DRASA don yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa.

Maganar Hajiya ce ta fi damuna, domin ba ta jiran makoki ya wuce. Barin maganin hawan jini da na suga yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda, kuma ci gaba da sayen magani a kemis da tsohuwar takarda bai wadatar ba, tunda adadinsa yana sauyawa gwargwadon gwaji. Kada ku ce mata an samo madadin marigayin, don ba za ta yarda ba. Ku tuna mata shekarun da ya yi yana kiyaye lafiyarta. Ku je asibitin da ya yi aiki, ku nemi a fito da katinta, ku tambayi abokin aikin da marigayin ya fi amincewa da shi, sannan ki raka ta da kanki tare da duk magungunanta. Idan kuwa bakinta ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ku garzaya da ita asibiti nan take.