Uwargida ta ƙi yarda in ɗaura kilt

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi abokin ango a Sukotland, kowa zai ɗaura kilt, amma uwargida ta ce siket ɗin mata ne, surukai za su gani a hoto.

Mutuncinka take karewa, kada ka ja da ita. Nuna mata Sarki Charles da sojojin ƙasar sanye da shi. Tufar mazan tsaunukan Highlands ce, har gwamnatin Birtaniya ta haramta ta a 1746, aka janye dokar a 1782. Tawa ma sai da ta ga hotuna ta sakko.

Kada ka juyo tattarar gaba, a baya take zama. Masu ba da haya su auna ka. Tsawonsa iya gwiwa ne, saboda haka batun al'aura ka tuntuɓi malami.