Sharhin fim mai dogon zango a majalisa: a ina suka take komawa giba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam. Ni tela ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Mu biyar ne a shago. Duk daren da aka saki sabon kashi na fim mai dogon zango, washegari hirarmu ke nan tun daga buɗe shago har azahar: wane ya iya, wance ba ta iya kuka ba, darakta ya ja labari don ya cinye mana data. Wani dattijo da yake kawo mana ɗinki ya ce naman mutane kawai muke ci. Abokin aikina kuma ya ce wanda ya fito a talabijin ya riga ya zubar da mutuncinsa da kansa, don haka babu giba a kansa. Wa ke da gaskiya? Sannan idan wani ya tambaye ni fim ɗin da zai kalla na nuna masa, ina da alhaki?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Dattijon ya fi kusa da gaskiya, sai dai ya yi kuɗin goro. Maganar abokin aikinka kuwa kuskure ce, kuma mai hatsari. Abin da ke rikita mas'alar shi ne, a hira irin taku abubuwa uku ne suke cakuɗe a baki ɗaya: mutumin da marubuci ya ƙago a cikin labari, aikin da aka yi wajen shirya fim ɗin, da kuma ɗan wasan da ke da rai da iyaye da 'ya'ya. Kowanne hukuncinsa daban.

Ma'aunin giba Annabi (SAW) ne ya ajiye shi da kansa, a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito: ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Aka ce, idan abin yana tare da shi fa? Ya ce idan yana tare da shi ka yi gibarsa, idan babu ka yi masa ƙage. Ke nan "ai gaskiya na faɗa" ba ta fitar da kowa. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kamanta mai yin haka da mai cin naman ɗan'uwansa matacce, kuma Ibnu Abi Zaid a Risala ya lissafa kame harshe daga giba da annamimanci cikin farillai.

Na farko shi ne mai sauƙi. Idan ka ce Alhajin nan na cikin labari azzalumi ne, ko uwar mijin nan muguwa ce, babu giba, domin babu wani ɗan'uwa da aka ambata. Mutumin takarda ne. Malamai sun fitar da irin wannan daga hadisin Ummu Zar'i na Buhari da Muslim, inda Nana A'isha ta ba Annabi (SAW) labarin mata goma sha ɗaya da suka zauna kowacce tana siffanta mijinta, wasu har da aibobi masu nauyi, bai hana ta ba. Masu sharhi suka ce dalili shi ne ba a san mazan ba. Idan ambaton wanda ba a san shi ba bai zama giba ba, ina ga wanda bai taɓa wanzuwa ba? Ƙin mugun hali a cikin labari ma alamar lafiyar zuciya ce.

Amma a nan ne tarkon yake. Mu Hausawa mun saba kiran ɗan wasa da sunan da ya fito da shi, har sunan ya bi shi kasuwa da masallaci, wani ma a manta sunansa na yanka. Da zarar haka ta faru, sunan fim ya zama laƙabin mutum mai rai. Ka duba yadda hirar ke zamewa a shago: wani ya ɗaga ƙafa daga keke ya ce "Kai, Alhajin nan mugu ne." Lafiya. Na kusa da shi, yana guga, ya ce "Ai ba wasa yake ba, ka dubi idonsa, haka yake a gaske." An tsallaka. Na uku ya ce "Ai an ce matarsa ta fari ma saboda haka ta fita." Sunan bai canza ba, amma an tashi daga labari an shiga gidan mutum. Giba ba ta buƙatar cikakken suna. Duk abin da zai sa mai sauraro ya gane wanda ake nufi ya wadatar, ko laƙabi, ko zunɗe, ko "wancan mai tsagar".

Na biyu, sukar aiki. Wannan halal ne, wani lokaci ma nasiha ce da ake so. Wanda ya fitar da aiki ga jama'a ya miƙa shi ne a auna, kamar yadda kai ma idan ka ɗinka riga wuya ya karkace, mai kaya yana da haƙƙin ya ce wuya ya karkace, ya kuma gaya wa wanda ya tambaye shi. Abin da ba shi da haƙƙi shi ne ya ce kai ɓarawon yadi ne alhali bai auna ba. Ibnu Rajab, wanda ya rasu a shekara ta 795 bayan Hijira, ya keɓe ɗan littafi guda a kan bambancin nasiha da gori, kuma abin da ya dogara a kai shi ne manufa: ana son a bayyana kuskure ne ko ana son a tozarta mai shi.

Don haka ka iya cewa labarin ya yi jan ƙafa, kashi uku a jere babu abin da ya motsa. Sauti yana ɗaukewa. An nuna zaman kotu ba yadda alƙali ke zama ba. An karanta aya da kuskure. An nuna saki uku an mayar da aure babu bayani, wanda zai iya rikita jahili. Wannan na ƙarshe ma bayyana shi wajibi ne a kan wanda ya sani. Sharaɗi dai ka kalla da idonka, kada ka ɗora a kan guntun minti ɗaya da aka yanko aka watsa a TikTok, domin Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Kuma ka yi adalci ko da ba ka ƙaunar masu fim ɗin. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa a bar adalci.

Misalan da ka kawo guda biyu mu auna su. "Wance ba ta iya kuka ba": idan nufinka fitowar ba ta gamsar ba, sukar sana'a ce, ta halatta. Idan kuwa wani ya miƙe ya yafa ƙyallen atamfa a ka, ya murguɗa baki yana kwaikwayon muryarta shago ya ɗauki dariya, wannan izgili ne, aya ta 11 a Hujurat ta hana shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha ta kwaikwayi wani mutum a gaban Annabi (SAW), ya nuna ba ya son ya kwaikwayi kowa ko da za a ba shi kaza da kaza. Shi kuwa "darakta ya ja labari don ya cinye mana data", rabinsa na farko abu ne da ka gani, rabinsa na biyu hukunci ne a kan niyya, kuma ba ka shiga zuciyarsa ba. Tsaya a kan "ya ja labari".

Na uku, mutumin kansa: tsayinsa, launin fatarsa, ko ta yi bilicin, aurenta nawa, me ya kashe auren, ina ya samu kuɗin mota. Duk wannan haramun ne, shahara ba ta halatta shi. A ruwayar Abu Dawud da Tirmizi, Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Nana Safiyya kawai, Annabi (SAW) ya ce ta faɗi kalmar da da za a gauraya ta da ruwan teku da ta gurɓata shi.

Abokin aikinka ya ji ƙamshin wata mas'ala ne bai riƙe ta daidai ba. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibi yake halatta, cikinsu akwai mai bayyana fasiƙancinsa a fili. Amma a wurin ya ɗaure ta: ana ambatonsa da abin da ya bayyana kaɗai, sauran aibobinsa suna nan a kan haramci. Idan 'yar wasa ta fito da shigar da ba ta dace ba a fim, ka iya cewa shigar nan ta saɓa wa shari'a, don mutane su kiyaye. Wannan bai buɗe maka ƙofar tarihin aurenta ba. Kuma fitowa a talabijin ita kaɗai ba fasiƙanci ba ce. Abin da aka yi a fitowar ake dubawa.

Wuri mafi muni shi ne jifa da alfasha, kuma ya yi yawa a kan mata 'yan fim. Wanda ya kira mace musulma kamammiya karuwa ko mazinaciya bai kawo shaidu huɗu ba, aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke masa bulala 80, a daina karɓar shaidarsa. A mazhabar Malikiyya ba sai an faɗa ɓaro-ɓaro ba: habaicin da aka fahimci zina daga gare shi ma yana jawo haddi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wasu mutum biyu sun yi zage-zage a zamanin Sayyidina Umar, ɗaya ya ce shi dai ubansa ba mazinaci ba ne, uwarsa ma haka. Umar ya yi shawara, sannan ya yi masa bulala 80. To ka auna "ai mun san yadda ake samun rol" a kan wannan sikeli. Tsayar da haddi aikin alƙali ne, amma zunubin yana hawa kan mai maganar tun a majalisa. Haka kafirta ɗan wasa saboda ya fito a boka ko ya furta maganar da aka rubuta wa mugun cikin labari: ana iya cewa fitowar ba ta dace ba, malamai su yi masa gyara, amma kalmar kafirci idan ba ta sami wurin zama ba tana komawa kan wanda ya jefa ta, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim.

Akwai kuma yabon da ya fi suka illa. Siffanta jikin 'yar wasa gaɓa-gaɓa a gaban maza haramun ne ko da da sunan yabo. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud hani ga mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana ganinta. Namiji ya siffanta wa maza huɗu ya fi cancantar hani.

'Yan wasan Indiya ko Koriya da ba musulmi ba, malamai sun yi saɓani ko sunan giba yana hawa kansu, tunda ayar ta ce ɗan'uwa. Ƙarya da ƙage dai haramun ne a kan kowa. Na Turkiyya kuwa da yawansu musulmi ne, nisan ƙasa ba ya rage musu haƙƙi.

Tambayarka ta biyu: e, kana da rabo a abin da ka nuna. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi nuni ga alheri yana da kwatankwacin ladan mai aikata shi, kuma wanda ya yi kira zuwa ga ɓata yana ɗaukar kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi. Hukuncin nuni yana bin hukuncin abin da ke cikin fim ɗin. Wanda tsiraici ko rungume-rungume ko girmama tsafi da bautar gumaka suka yi masa yawa, ba ya halatta ka ce a kalla, ko da labarinsa ya kai zuma daɗi. Fassarar Hausa da ake ɗora wa na ƙasashen waje murya take canzawa, hoton yana nan yadda yake, har ma takan sa iyaye su saki jiki su bar yara da waya. Wanda kuwa mafi yawansa tsafta ne sai 'yan wurare, ka faɗi wuraren: a kashi na kaza akwai rawa, akwai ashar, bai dace da yara ba. Wanda aka nemi shawararsa amintacce ne. Idan ka ce "lafiya lau ne" alhali ka san ba haka ba, ka ha'ince shi. Wanda ake biya ya yabi fim ya ɓoye cewa talla yake yi, shi ma ha'inci ne. Kuma kada wani ya ce zai kalli abin da ya san haramun ne don ya gargaɗi jama'a. Abin da ya riga ya sani ya isa gargaɗi.

Ka lura da hanyar da kake nuna masa ya samu. Wanda masu shi suka saka kyauta a YouTube ko aka haska a tasha, babu damuwa. Wanda suka sa wa kuɗi aka sato aka zuba a memori ana turawa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta tabbatar da cewa haƙƙin mallakar aiki abin kiyayewa ne a shari'a, ba ya halatta a keta shi. Ba wa wanda bai kalla ba ƙarshen labari kuwa ba haramun ba ne, sai dai idan ya roƙe ka ka bari ka ƙi, ka ɓata masa rai a banza.

Mai sauraro abokin tarayya ne. Idan hira ta zame, ka ce "mu koma kan labarin", sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Tirmizi ya ruwaito daga Abud Darda'i cewa wanda ya kare mutuncin ɗan'uwansa Allah zai kare fuskarsa daga wuta ranar ƙiyama. Idan kai ne mai shagon, nauyin ya fi yawa a kanka, tunda yaran shago maganarka suke ji. Ka kuma duba kada hirar ta ci alkawarin masu kaya ko jam'in azahar.

Abin da ya wuce: ku tuba, ku daina. Wanda ya rubuta wani abu a Facebook ya goge, idan ƙage ne ya janye shi a inda ya watsa shi. Idan maganar ta kai ga mai ita kuma akwai hanyar neman yafiya ba tare da ta da fitina ba, a nema, domin Buhari ya ruwaito umarnin warware haƙƙin mutunci tun kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Idan ba ta kai gare shi ba, kamar yadda yake a mafi yawan hirar shago, ra'ayin Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim shi ne kada a je a sanar da shi. A nema masa gafara, a ambace shi da alherin da aka sani a wurin da aka ci namansa, wato a shagon nan, a gaban mutanen nan huɗu.

Wallahu a'alam.