Tambayoyin masu karatu: Fim ɗin da ya sa gidan kallona dariya da kuka a dare ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ina da ɗan gidan kallo a wani ƙauye tsakanin Wudil da Gaya, ƙwallo muka fi haskawa amma in babu wasa sai mu sa fim don a samu na man janareto. Ran Juma'a da na shiga kasuwar Wudil wani mai turi ya zuba min fim ɗin Turawa da aka yi wa fassarar Hausa, ya ce min na barkwanci ne zalla, ni kuma ban duba ba na saka. Labarin wani mashayi ne mai ƙazamin baki da ubansa ya mutu, shi da ƙaninsa suka ɗauko gawar a mota za su kai ta garinsu, to tun daga nan fa ashar da batsa ba kama hannun yaro, samari sai kwasar dariya suke har da masu faɗowa daga benci. Wani dattijo da yake zuwa kallon ƙwallo ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce ana wasa da gawa kuna dariya, ya fita ko canjinsa bai karɓa ba. Amma can ƙarshe da mutumin ya durƙusa bakin kabari yana roƙon ubansa gafara, wallahi ɗakin tsit, wani ɗan acaɓa da ya fi kowa dariya na gan shi yana goge ido da hularsa, bara babansa ya rasu. Yanzu samari sun matsa min in sake sawa wai akwai darasi, maiɗakina kuma ta ce ta ji yara suna maimaita wata kalma ta fim ɗin a bakin famfo. Malam in sake sawa ko in goge?
Mai gidan kallo, daga ƙasar Gaya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kar ka sake sawa a gidan kallo. Amma bari in faɗa maka dalili don kar ka ɗauka ina cewa samarin nan ƙarya suke.

Hawayen ɗan acaɓan nan na gaskiya ne, kuma ban yarda dariyar da ya yi tun farko ƙeƙasar zuciya ba ce. Mutum yana iya shekara guda da kuka tokare a ƙirji, ya zauna zaman makoki ana ta masa gaisuwa ya kasa zubar da ko ɗigo saboda ana kallonsa namiji, sai ranar da dariya ta sassauta shi a cikin duhu inda ba mai ganin fuskarsa sannan abin ya ɓalle. Masu irin wannan fim sun san haka, da gangan suke sa ka dariya har ka saki jiki sannan su taɓa maka gyambo. Shi ma dattijon da ya fita yana da gaskiyarsa, a wajenmu gawa tana da alfarma, ana wucewa da makara kowa yake miƙewa, to ya za a yi ya zauna ana jifa da ita a bayan mota.

Kuma fa barkwanci mai yaji ba Turawa suka kawo mana ba. Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye a da ya san 'yan gambara da irin maganar da ke fita bakinsu, ga wasan taubasai, ga na jika da kaka inda yaro zai ce wa tsohuwa yaushe za ki mutu mu ci gumba ta yi dariya ta rama. Sai dai kowanne da muhallinsa da waɗanda ake yi a gabansu, ɗan gambara ma in ya hango surukinsa sauya baki yake.

To nan ne matsalar take. Can inda ake yin finafinan nan akwai alamar shekaru, a Ingila su rubuta 18, a Indiya su sa A, a Amurka R wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, kuma mai sayar da tikiti yana dubawa. Da fim ya biyo ta hannun mai fassara da mai turi ya faɗo memori, wannan alamar ta ɓace, wani lokacin ma mai fassarar shi yake ƙara gishiri da ashar irin ta tasha don a yi dariya. Kai kuma ɗakinka na langa-langa ne ko zana, sifika tana kai magana har gidan maƙwabta, yaran da ba su da kuɗin shiga suna maƙale a jikin ɓula suna leƙe. Su ba sa kaiwa wajen kabari ƙanina, kafin nan an kira su gida ko barci ya kwashe su, ashar ɗin kawai suke tafiya da ita, shi ne abin da maiɗakinka ta ji a bakin famfo kuma wannan ya fi damuna a duk wasiƙarka.

Sannan ka tuna tun 2001 Kano take da hukumar tace finafinai kuma gidajen kallo suna ƙarƙashinta, ƙorafi ɗaya daga mai unguwa ya isa a rufe maka wajen cin abinci. In dariya samari suke so ai ga camama nan, marigayi Rabilu Musa Ibro ɗan Ɗanlasan ne nan Warawa kusa da ku, har ya rasu a 2014 yana cika gidajen kallo, yau ma ka sa shi benci zai cika. Kowane fim dai, ko na waye, ka fara kallonsa kai kaɗai a waya kafin ka haska.

Dattijon nan kuma ka ɗauki canjinsa ka kai masa har gida bayan la'asar, ka ce masa Baba ban duba ba na saka. Ɗan acaɓan ma in kun haɗu a wajen mai shayi ka zauna kusa da shi, ka yi wa babansa addu'a.