Me ke ɓatar da mai jifa shekara guda?

Tambaya: Malam, ina kallon besbol a waya daga nan Argungu. Me ke sa mai jifa ya ɓace shekara guda?

Amsa: Ɗan'uwa, gwiwar hannu ce. Jifa da ƙarfi kullum kan tsinka jijiyarta ta ciki, sai a yanko wata daga damtse a dasa. Dokta Frank Jobe ya fara yi wa wani mai jifa, Tommy John, wannan aiki a 1974, kuma jinya takan ci wata 12 zuwa 18. Ƙungiyoyin ma, a ganina, suna ƙure yaran nan. A babbar gasar besbol ta Amurka, mai jifan da ya ji rauni sai a sa shi jerin majinyata na kwana 15 ko 60, a kira matashi daga ƙaramar ƙungiya ya cike gurbi cikin 'yan wasa 26. Shohei Ohtani kuwa, ɗan wasan da ke jifa da bugu, a 2024 bugu kawai ya yi wa ƙungiyar Dodgers, bai yi jifa ba, saboda aikin gwiwar hannu da aka yi masa.